Wai da gaske ne ana koya wa soja faɗa da hannu kamar na fim?

Wani ƙanenmu ne ya turo tambaya, ya ce yana shirin cike fom ɗin shiga soja, yana so ya sani wai da gaske ne ana koya wa sojoji kareti da kumfu har soja ɗaya ya iya tarar mutum goma da hannu, kuma in haka ne wanne ya kamata ya fara koya tun yanzu, takwando ne ko dambe ko me. To ƙanena Allah ya ba da sa'a. Zan ɗan ja amsar da tsawo saboda wannan fannin shi na yi aiki a kai, na koya kuma na koyar, kuma na sha ganin yara suna shigowa da wani tunani daban a kansu wanda in ba a cire musu shi da wuri ba wallahi yana iya zama ajalinsu.

Eh ana koyarwa, da wuya ka samu rundunar soja a duniya da ba ta da nata tsarin faɗa ba makami. Amma lokacin da ake ware masa ɗan mitsitsi ne in ka gwada shi da sauran abubuwa. Ɗauki sojan kundumbalar ruwa na Amurka, wato Marin, waɗanda ake yi wa kallon sun fi kowa son wannan harka. Horon kurtu a wajensu sati 13 ne, amma ɗamarar farko ta tsarin faɗansu, wato shaidar cin matakin farko, awa 27 da rabi kacal ake buƙata a same ta. Sojan ƙasa na Amurka kuma kwas ɗinsu na farko a wannan fanni awa 40 ne, sati ɗaya kenan. Yaron da yake zuwa kulob ɗin takwando sau uku a sati cikin 'yan watanni ya wuce wannan adadin. A nan gida ma haka ne, wata shida da kurtu yake yi a Daffo ta Zariya ina zai isa, ga fareti ga harbi ga kwance bindiga da haɗa ta ga karatun taswira ga dabarun daji ga taimakon wanda ya ji rauni ga gudu da kaya a baya, faɗa da hannu ɗan yanki ne kawai yake samu a ciki. Don haka duk wanda ya ce maka kowane soja gwanin faɗa ne da zai doke ƙwararren ɗan boksin ko ɗan kokawa a fili ɗaya da ɗaya, bai san abin ba. Akwai sojojin da suka ƙware sosai, amma in ka bincika za ka tarar da kansu suka ci gaba da nema, ko suna cikin 'yan wasan runduna, ko kuma malamai ne da aka tura kwas na musamman.

Kuma ba sakaci ba ne ya sa ake ba shi ɗan lokaci. Aikin soja da bindiga ne kuma cikin jama'a ne, ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ranar da ka ga soja yana kokawa da abokin gaba hannu da hannu to wani abu ya riga ya lalace, ko bindiga ta cije, ko harsashi ya ƙare, ko an shammace shi a lungu, ko kuma mutumin da ke gabansa doka ba ta ba shi damar harbinsa ba. Saboda haka abin da muke koya wa yaro ba wai yadda zai ci wasa ba ne, a'a, yadda zai hana a ƙwace masa bindiga, yadda zai ture mutum ya samu tazarar da zai ɗaga bakin bindigarsa, in kuma hakan ya gagara to ya riƙe mutumin gam ya hana shi zaro wuƙa ko cire fil ɗin gurneti har abokin aikinsa ya ƙaraso. Matt Larsen, wanda ya kafa tsarin da sojan ƙasa na Amurka ke amfani da shi yanzu, yana da wata magana da malamai suke yawan maimaitawa, cewa wanda yake cin faɗan hannu a fagen daga shi ne wanda abokinsa ya riga isowa da bindiga. Mu ma ai mun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In ka riƙe mutum daƙiƙa goma bai yi maka illa ba har ɗan'uwanka ya shigo ɗakin, ka yi aikinka, ko da ko naushi ɗaya ba ka kai ba.

A ina abin yake faruwa a zahiri? Ba a fili ba ne inda za a ja daga a zagaya juna. A cikin ɗaki ne lokacin binciken gida, ka tura ƙofa wani ya cafke bakin bindigarka daga bayan ƙyaure. A shingen bincike ne, ka ce mutum ya fito daga mota ya ƙi, ko ya fito ya rungume ka. A wajen kama wanda ake zargi ne, ko cikin cunkoson mutane masu zanga-zanga. An yi wani bincike a makarantar hafsoshi ta West Point aka fitar a 2014, an duba bayanan sojojin Amurka 1,226 da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan tsakanin 2004 da 2008, kusan ɗaya cikin biyar ya ce ya taɓa amfani da faɗan hannu a bakin aiki. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kashe-kashen abin da suka yi amfani da shi: sama da kashi 70 cikin 100 kokawa ce da riƙo da kayarwa, wajen kashi 22 duka ne da makami irin su gindin bindiga, naushi da hauri kuwa ko kashi 6 ba su kai ba. Ka ga kenan abin da fim ya fi nunawa shi ne mafi ƙaranci a gaskiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ka sa kayan ka gani. Hular kwano a ka, rigar sulke mai faranti gaba da baya, magazin cike da harsashi a ƙirji, ruwa, rediyo, but mai nauyi, bindiga rataye da maɗauri a wuya, cikin sauƙi kaya su haura kilo 25. Da wannan nauyin in ka ɗaga ƙafa za ka hauri kan mutum kai ne za ka fara zuwa ƙasa, balle a kan yashi ko taɓo ko matattakalar bene ko ɗakin da ke cike da tarkace cikin duhu. Naushi kuma matsalarsa hannu. Ƙasusuwan bayan hannu ƙanana ne, in ka dunƙule ka kai wa goshin mutum ko hular kwano ko magazin ɗin da ke ƙirjinsa ba safar dambe, sau da yawa ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa ne yake karyewa, kuma wannan hannun dai shi za ka ja kunamar bindiga da shi, shi za ka canza magazin da shi, shi za ka ɗaure wa abokinka rauni da shi. Shi ya sa muke fifita tafin hannu da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ita kanta bindigar, a doka da bakinta ko gindinta. Sannan akwai abin da tsoro yake yi wa jiki, zuciya na bugawa kamar za ta fito, yatsu su daina jin magana, ido ya tsaya a kan abu ɗaya ka daina ganin gefe, kunne ya toshe. Duk wata dabara mai mataki biyar ko shida, kama nan murɗa can juya haka, a wannan lokacin ba za ka same ta ba. Abin da ka maimaita har ya zama jiki shi kaɗai zai fito.

Wannan fahimtar ba yau aka fara ta ba. Wani Bature ɗan Ingila, William Fairbairn, ya shiga aikin 'yan sanda a birnin Shangai na Chana a 1907, lokacin garin cike yake da 'yan daba da masu fataucin ƙwaya. Tun yana sabon shiga wasu gungu suka yi masa dukan kawo wuƙa suka bar shi kwance, da ya warke sai ya shiga koyon jujitsu da judo da faɗan 'yan Chana, ya yi ta tacewa yana zubar da duk abin da bai yi masa aiki a titi ba. A 1940 aka dawo da shi Ingila tare da abokinsa Eric Sykes suka koyar da kwamandoji da 'yan leƙen asiri a Sikotlan, su ne ma suka zana wuƙar nan siririya mai baki biyu da ake kira da sunansu. Mutanen da suke koyarwa kwanaki kaɗan gare su kafin a jefa su bayan layin Jamus, don haka abin da suka ba su 'yan dabaru ne ƙalilan, tafin hannu a haɓa, gefen hannu a wuya, gwiwa a gaba, taka ƙafa da but, sai kuma zafin nama, ka riga shi kai hari kada ka tsaya. A yanayinsu sun yi daidai.

Amma wannan salon yana da wani rauni da aka daɗe ba a faɗa ba. In duk dabarunka na tsokale ido ne da fasa maƙogwaro to ba za ka taɓa gwada su a kan abokin horo da ƙarfinka duka ba, sai dai ya tsaya maka kamar gunki ka yi a hankali shi kuma ya faɗi da kansa. Shekara da shekaru haka ake yi a rundunoni da yawa, sojoji su yi layi biyu, a ce ɗaya, biyu, uku, kowa ya yi motsin, a tashi. Yaran da kansu sun san wasa ne. A 1995 kwamandan bataliya ta biyu ta Renja, wato sojojin kundumbala, a Amurka, Stanley McChrystal wanda daga baya ya jagoranci yaƙin Afganistan, ya sa a sake duba abin, Matt Larsen na cikin waɗanda aka ɗora wa aikin. Lokacin ba a daɗe da fara gasar UFC ta faɗan da ake gauraya salo daban-daban ba, 1993 aka fara, duniya ta ga Royce Gracie ɗan Barazil mai matsakaicin jiki yana kayar da ƙatti yana shaƙe su. Sai suka ɗauki jujitsun Barazil ya zama tushe, suka ƙara kokawa da judo da boksin da damben Tailan a kai, littafin koyarwar ya fito a 2002. Hikimar ita ce kokawa da shaƙa za ka iya yin su da ƙarfinka duka a kan mutumin da shi ma yake turjewa da ƙarfinsa duka, in an kama ka ka ɗan bubbuga a sake ka, gobe ku sake, ba wanda ya tafi asibiti. A nan ne mutum yake sanin abin da yake aiki da wanda ba ya yi.

Su ma fa sai da yaƙi ya gyara musu zama. Da aka shiga Iraƙi da Afganistan suka riƙa zama da sojojin da suka yi irin wannan arangama suna tambayarsu me ya faru, sai aka ga kwanciya a ƙasa ana neman murɗe hannu kamar a tabarmar gasa haɗari ne, don mutumin yana iya zaro wuƙa, ko ɗan'uwansa ya zo ya taka maka kai. Aka sake tsarin, aka ƙara ƙarfi a kan faɗa a tsaye da kaya a jiki, da manna mutum da bango, da yadda za ka miƙe da sauri in an kai ka ƙasa. Ni a ganina wannan shi ne alamar tsari mai kyau, wanda yake sauraron waɗanda suka dawo daga daji ya canza, ba wanda yake cewa haka kakan malaminmu ya koyar ba.

Rasha ta riga su bin wannan hanyar. Salon faɗansu da ake kira sambo, tun zamanin Tarayyar Sobiyet aka haɗa shi saboda soja da 'yan sanda, Vasili Oshchepkov da ya yi karatun judo a makarantar Kodokan ta Tokiyo da Viktor Spiridonov su ne kan gaba, aka gauraya judo da kokawar gargajiya ta ƙabilun ƙasar, gwamnati ta amince da shi a matsayin wasa a 1938. Khabib Nurmagomedov da samarinmu suke so, zakaran sambon faɗa ne kafin ya shiga UFC, kuma mahaifinsa Abdulmanap a cikin sojan Sobiyet ya fara judo da sambo. Koriya ta Kudu kuma takwando ne, Janar Choi Hong Hi ya yaɗa shi a cikin soja, sunan ma a 1955 aka tsayar da shi, amma a can ya fi zama na motsa jiki da tarbiyya da kishin ƙasa. Sai Krav Maga na Isra'ila wanda Imi Lichtenfeld ya kafa, shi ɗan boksin ne kuma ɗan kokawa tun a Biratislaba kafin ya zama babban mai horar da sojansu daga 1948. Ka lura da wannan, mutumin ya riga ya iya faɗa na gaske kafin ya tace shi. Abin da ake tallatawa yanzu a intanet da sunan, wai cikin sati biyu za ka iya ƙwace bindiga daga hannun ɗan fashi, yawancinsa kasuwanci ne.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa ake koyarwa, wanda manyan hafsoshi suka fi damuwa da shi fiye da dabarun kansu, wato zuciya. Yawancin yaran da suke shigowa ba a taɓa kai musu naushi na gaske a fuska ba, kuma ba ka so ranar farko da yaro zai ji wannan girgizar ta zama a bakin daga. Sojan laima na Ingila suna da wani gwaji a zaɓensu, a haɗa mutum biyu masu nauyi ɗaya a sa musu safar dambe, minti ɗaya cur su yi ta dukan juna, ba a yarda ka kauce ba, ba a yarda ka kare ba, ba ja da baya. Ba gwani ake nema ba, ana so a ga wanda zai ci gaba da matsawa gaba kansa a ɗage alhali ana dukansa. Amurkawa kuma suna da sanda mai matashi a kai biyu da kurata suke bugun juna da ita. Horon wuƙar bakin bindiga ma yawanci don haka ne, ihu da gudu da sukar buhu. Sojan ƙasa na Amurka sun cire shi daga horon kurata a 2010, Marin da Ingila ba su cire ba, kuma Ingila tana da hujja, don sojanta sun yi amfani da ita a dutsen Tumbledown a yaƙin Fokland a 1982, sun sake a kudancin Iraƙi kusa da Amara a watan Mayun 2004 lokacin da aka yi musu kwanton ɓauna suka kutsa ramukan da ake harbinsu daga ciki. Kakanninmu ma da aka kwasa zuwa ƙasar Bama, Myanmar ta yanzu, a yaƙin duniya na biyu, runduna ta 81 da ta 82, a dajin da ba ka ganin mutum sai ya zo dab da kai suka yi yaƙi da Japanawa, adda na cikin kayan aikinsu, barikin Chindit da Daffo take ciki a Zariya ma daga can sunan ya samo asali.

Wani lokaci kuma siyasa ce take mayar da soja zamanin sanda da dutse. Indiya da Chana sun yi yarjejeniya a 1996 cewa ba harbi a cikin kilomita biyu daga layin da ya raba su a tsaunukan Himalaya. Ranar 15 ga Yunin 2020 a kwarin Galwan, wuri mai tsayin sama da mita 4,000, sojojin ɓangarorin biyu suka gwabza cikin dare da duwatsu da sanduna da kulake masu ƙusoshi, sojan Indiya 20 suka mutu har da kwamandansu Kanar Santosh Babu, Chana kuma sai bayan watanni ta ce nata huɗu ne. Da yawa ba dukan ne kaɗai ya kashe su ba, faɗawa kogin ƙanƙara ne da sanyi. Ko a nan in ka duba ba salon kareti ne ya yi aiki ba, yawa ne da wanda ya riƙe tudu da wanda numfashinsa ya jure.

Maganar wuƙa ina so ka buɗe kunne da kyau, don a nan aka fi yaudarar yara. Babu wata dabara tabbatacciya ta ƙwace wuƙa daga hannun wanda ya yi niyyar kashe ka. Mai niyya ba ya miƙo hannu ɗaya ya tsaya yana jiranka, riƙe ka yake da hannu ɗaya yana ta suka da ɗayan, sau da yawa ma ba za ka ga wuƙar ba, ji za ka yi kamar naushi sai daga baya ka ga jini. A wajen horo mukan ba mutum alli ko maka a madadin wuƙa a ce ya kai hari da gaske, in an tashi ka duba rigar wanda ya kare, ko gwani ne za ka ga zane ko'ina. Wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna tun 1983 cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21, wajen mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan lokacin da ɗan sanda yake ɗauka ya zaro ƙaramar bindiga daga kugu ya harba. Shi ya sa a shinge ake nacewa a kan tazara, da ganin hannayen mutum, da cewa ɗaya yana bincike ɗaya yana tsaye gefe yana gadinsa. Haka nan maganar tauri da layu da wasu suke shigowa da ita, don Allah kada ka jingina ranka a kai, ka yi addu'arka ka sa sulkenka ka riƙe tazararka.

Sai ɓangaren da ya fi damuna, kuma shi aka fi mantawa. Yawancin mutanen da soja zai sa wa hannu a rayuwarsa ba 'yan ta'adda ba ne, direba ne da ya fusata, ko matashi da ya sha wani abu, ko mai taɓin hankali, ko wanda ake zargi kuma ba a tabbatar ba. Amfanin horo na gaske shi ne ya ba ka abin yi tsakanin magana da harbi. Sojan da bai iya riƙe mutum ba, tsoro ne yake sa shi saurin kai hannu kan kunama, ko ya hau mutum da duka ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya iya kuwa a natse yake, ya kayar, ya sa ankwa, ya ɗaga mutum ya zaunar. Kuma dole ka san haɗarin abin da ke hannunka. Shaƙar da take toshe jijiyoyin wuya cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka take sumar da mutum, in ka ci gaba da riƙewa bayan ya saki jiki kisa kake yi. Mutumin da aka kifa a kan cikinsa aka ɗaure hannunsa ta baya aka danne masa baya ko wuya da gwiwa yana iya mutuwa saboda rashin numfashi ko ba a doke shi ba, duniya ta ga haka a kan George Floyd a 2020. Wanda ya miƙa wuya ko aka riga aka ɗaure, dokar yaƙi ta Janiba ta 1949 ta hana a taɓa shi, addininmu ma ya hana tun kafin nan. Sojan da yake sa farar hula tsallen kwaɗo a titi ko yake marin dattijo don ya ga yana da kaki, wannan ba jarumta ba ce, kuma shi yake sa mutanen gari su ƙi ba mu labarin da zai ceci rayukanmu a daji.

Abin da kake gani ranar bikin yaye kurata, ana fasa bulo da hannu ana tsalle ta cikin zoben wuta mutum ɗaya yana watsar da biyar, wannan nuni ne, an yi ta maimaita shi kowa ya san inda zai faɗi. Yana da kyau, yana buƙatar lafiya da horo, yana sa iyaye alfahari, amma kada ka auna faɗan gaske da shi.

To me za ka koya kafin ka tafi? In a unguwarku ko ƙauyenku ana kokawar gargajiya, fara da ita, kada ka raina ta. Ɗan kokawa ya san yadda zai kafa ƙafa, ya san amfani da kugu, yana da riƙo, yana jin inda nauyin mutum ya karkata, kuma ya saba da wani ƙato yana turo shi da gaske. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke gasar takobi tun 1975 sun riƙe abu mai daraja. Giɓinta ɗaya, da an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, don haka ba ta koya maka abin da za ka yi in kai ne a ƙasa wani yana kanka, wannan sai judo ko jujitsu, kuma judo za ta koya maka faɗuwa ba tare da ka karya hannu ko ka buga ƙeya ba, abin da zai yi maka amfani ko daga bayan mota ka diro. Dambe yana ba da zuciya da sanin tazara da jure duka, ba na musun wannan, amma an gina shi a kan hannu ɗaya da aka naɗe da tsayuwa ta gefe, kuma raunin da ake samu a ciki yana da yawa. Kai da za ka je gwajin lafiya, karyayyen hannu da ya ɗore a karkace ko fasasshen dodon kunne zai iya sa a mayar da kai gida tun daga tantancewa. In kana son koyon naushi je ka boksin inda ake sa safa da robar haƙori, wata shida ya ishe ka ka iya kare kanka da motsa ƙafa. Takwando da kareti ba laifi, suna ba da saurin ƙafa da ladabi, in su ne kusa da kai yi, sai dai ka sani haurin sama ba zai bi ka cikin but da sulke ba.

Amma fa duk wannan bayan gudu ne. Abin da yake kayar da yara a Daffo ba rashin iya faɗa ba ne, numfashi ne da ƙafa da ciwon ƙwauri. Fara gudu tun yanzu a hankali kana ƙarawa duk sati, ba a fafe gora ranar tafiya, ka haɗa da fushof da jan jiki a ƙarfe da tafiya mai nisa da jaka a baya, ka nisanci ƙwaya da duk wani abin da za a ce maka yana ƙara ƙarfi. Faɗan minti ɗaya da kaya a jiki yana zuƙe mutum fiye da yadda kake zato, wanda ya fara gajiya shi ake dannewa ko da ya fi iya dabara.

In za ka zaɓi wajen koyo, je ka zauna ka kalli darasi ɗaya kafin ka biya kuɗi. Duba ko ɗalibai suna gwada juna da gaske, wannan yana turjewa wancan yana turjewa, da kayan kariya kuma malam yana tsaye yana lura. In ka ga kullum iska ake duka, ko malam ya ce dabarunsa sun yi haɗari da yawa ba a gwada su, ko kuma akasin haka ana barin manya suna jibgar sababbi har jini da sunan gasa su, nemi wani wurin. Kuma in Allah ya sa ka shiga, ka sa ido a kan kwasa-kwasan motsa jiki da faɗa ba makami da ake tura sojoji bayan sun fita Daffo, ka nuna wa na gaba da kai kana so tun da wuri, don galibi wanda aka ga yana da sha'awa kuma yana da lafiyar jiki shi ake turawa.